Yadda nake gyara tsayin tushen gini a Revit ba tare da na ja ginin sama ba

A daminar bara wani yaro da ya zo mana sanin makamar aiki daga sashen zanen gine-gine na Samaru ya leƙo ofishina bayan la'asar, fuska duk gumi, ya ce, "Oga, don Allah zo ka gani, ginin ya ɓace." Na tashi na je. Filan yana nan, amma babu layin girid (layukan da ake jera ginshiƙai da bango a kansu) ko ɗaya a kansa, alamomin sekshan (zanen da ke nuna gini kamar an yanka shi daga sama zuwa ƙasa) sun yi ɓatan dabo, shafin fuskar gaba kuwa fari fat kamar ba a taɓa zana komai ba. Zanen bene ne mai hawa ɗaya na wani Alhaji a wajajen Hanwa, mun shafe mako uku a kansa.

Da na matsa masa da tambaya sai ya fito da zancen. Mun tsayar da cewa daɓen ƙasa zai zauna a kan mita 652.450 bisa awon safiyo, shi kuma da ya duba Revit, manhajar da muke zanen gini da ita, ya ga lebur ɗin farko, wato layin da ke nuna tsayin hawan ƙasa, yana kan sifili. Sai ya zagaye komai da linzami ya ja shi sama mita 652 da 'yan kai. Bango da ƙofa da taga sun bi lebur sun tafi. Abin da ba a jikin lebur yake ba ya tsaya a ƙasa. Layin girid yana da iyakar tsawonsa, kuma ba ya fitowa a filan sai ya ratsa inda aka yanka filan ɗin, to ga shi an bar shi can ƙasa. Akwatin da ke iyakance shafin fuska ma yana inda yake. Rubuce-rubuce da ƙananan zane na cikin sekshan a jikin shafi suke, ba a jikin gini ba, su ma sun ƙi tafiya. Allah ya taimake mu Revit yana ajiye tsohon kwafi kusa da fayil, mai lamba irin 0001 a ƙarshen suna, shi muka buɗe muka yi asarar aikin yini guda kawai.

Ban yi masa faɗa sosai ba, don ni ma na taɓa yin makamancin haka. Abin da na gaya masa shi ne, in hukuma ta canja wa gidanku lamba a Tudun Wada, ba a ɗaga gidan a kai shi wani layi, fenti ake ɗaukowa a sake rubuta lambar. A Revit ma ginin yana zamansa a sifili, kai ne za ka gaya wa manhajar cewa sifilin nan sunansa kaza a duniya.

Kafin mu taɓa kwamfuta sai mun san lambar daga ina ta fito, don a nan aka fi yin ɓarna. Takardar safiyo da yawancin masu fuloti ke riƙe da ita, wadda ake haɗawa da takardun fili, kusurwoyi da nisan tsakanin turaku take nunawa, ba ta faɗin inda ƙasa ta yi tudu da inda ta yi kwari. Wannan awo ne daban, sai ka nema, kuma sai an biya. In ya zo, tambaya ta farko da nake yi wa safiyo ita ce lambobin nan daga ina aka fara ƙirga su. Zariya ta haura mita 600 a saman teku, saboda haka in ka ga takarda tana cewa 100.000 ko 99.650, ka san safiyon ya zaɓi wani wuri ne ya raɗa masa 100 don sauƙin lissafi. Babu laifi a ciki, don ruwan sama ba ruwansa da teku, gangare kawai ya sani. Laifin shi ne a haɗa lambar wannan da ta wancan a zane ɗaya. Tambaya ta biyu, ina alamar da ya kafa a filin. Dole ta zama a jikin abin da tifa ba za ta ture ba. A aikin Hanwa kan kwalbatin bakin titi ne, ya buga ƙusa ya zagaye da jan fenti, 651.900. Tsakiyar titi 652.000, ƙasar fulotin ta gaba 651.750, ta baya ta gangara har 651.300. Wato filin gaba ɗaya yana ƙasa da titi, kuma duk wanda ya ga abin da ruwan Agusta ke yi a unguwannin da ke gangarawa Kubanni ya san ma'anar wannan. Shi ya sa muka sa daɓe ya fi titi da milimita 450.

Kada ka ɗauki tsayi daga wayarka ko daga Google Earth ka sa a zanen da za a yi gini da shi. Kuskurensu a tsayi yakan kai mita da dama, mu kuma rigimarmu a kan tafin hannu biyu ce.

Yanzu mu shiga manhajar. Revit yana da madogara uku, kuma duka a ɓoye suke zuwa a yawancin shafuka. Buɗe filan na ƙasa ko shafin fuska, ka danna VG a kibod, ka gangara zuwa Site, ka buɗe shi, ka sa alama a kan ukun. Na farko shi ne Internal Origin, ni cibiya nake ce masa. Kibiyoyi ne masu launi, ba ya motsi, ba a kuma iya motsa shi, daga kansa manhajar ke lissafin komai. Sai daga Revit 2020.2 aka fara iya ganinsa da ido. Autodesk sun ce kada gini ya yi nesa da shi fiye da mil 10, wato kamar kilomita 16, in ba haka ba layuka su fara karkacewa, awo ya fara ƙarya. Na biyu Project Base Point, da'ira mai gicciye a ciki, wanda nake kira turken gini, shi ne sifilin ma'aikata. Na uku Survey Point, alama mai kusurwa uku, turken safiyo ke nan, shi ke riƙe da lissafin duniyar waje. A sabon fayil ukun a wuri ɗaya suke a kan juna, shi ya sa mutum zai shekara yana zane bai san da su ba.

Wata 'yar matsala ta harshe: a Turancin manhajar kalma ɗaya ce ke nufin tsayin wuri da kuma zanen fuskar gini. Ni a nan in na ce fuska, shafin nake nufi, in na ce tsayi, lambar.

Adana kwafi da wani suna tukuna, ko don ɗaukewar wuta. Sannan ka buɗe shafin fuska ko sekshan, kowanne, muddin kana ganin layukan lebur. A filan ma ana yi, amma a fuska ya fi tsafta, don tsayi kaɗai zai ba ka damar canjawa, ba za ka taɓa gabas da arewa bisa kuskure ba. Je Manage, ka buɗe Coordinates, ka zaɓi Specify Coordinates at Point. Kai linzami kan layin lebur na daɓen ƙasa har ya yi shuɗi, ka danna. Ƙaramin akwati zai fito. A gurbin tsayi ka rubuta lambar.

A nan ka nutsu. Safiyo da mita yake magana, mu kuma da milimita muke zane. In fayil ɗinka na milimita ne ka rubuta 652.450, ka gaya wa Revit cewa ginin yana sama da teku da abin da bai kai ƙugun mutum ba. Rubuta 652450, ko kuma 652.45m da harafin a ƙarshe, zai juya da kansa. Na ga zanen da aka buga har aka naɗe za a kai KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kaduna, da wannan kuskure a jikinsa, a bakin ƙofa aka gano.

Ka danna OK, sai ka ga kamar ba abin da ya faru. Lebur yana nan a sifili, girid na nan, sekshan na nan. Haka ake so. Don ka tabbatar, danna turken gini ka duba bayanansa, za ka ga tsayinsa ya koma 652450, in dai a kan lebur ɗin yake zaune. Turken safiyo kuwa ya sauka can ƙasa mita 652, ya je ya tsaya a sifilin safiyo. In ka ce shafi ya nuna maka komai sai ginin ya koma kamar ƙwayar gero saboda nisan da ke tsakaninsu. Ko dai ka sake ɓoye turken a shafin, ko ka yi abin da na fi so: danna shi, za ka ga 'yar alamar maƙalar takarda a gefensa, ka danna ta har jan layi ya ratsa ta, sannan ka kawo turken kan alamar safiyo ta gaske, a wurinmu kan kwalbati, ka mayar da maƙalar, ka danna PN ka kafe shi. Idan maƙalar a cire take, turken ne kaɗai ke tafiya, lissafi bai canja ba. Idan a maƙale take ka ja shi, ka ja lissafin duniyar gaba ɗaya, duk lambar da ka sa ta lalace. Wannan bambanci ya fi komai cin mutane.

Akwai tsofaffin bidiyoyi da ke cewa ka danna turken gini kawai ka rubuta sabon tsayi. A da, lokacin da shi ma yana da maƙala, hakan yana aiki. Daga 2020.2 an cire masa ita. Yanzu in ka rubuta masa lamba shi kaɗai zai tashi ya bar ginin, sai ka ga leburanka sun koma lambobi masu alamar ragi. Akwai kuma Relocate Project a ƙarƙashin Position, shi ma ba ya ɓata zane, sai dai tazara yake karɓa, ba lambar ƙarshe ba. In ka manta ka yi sau biyu, gininka ya kai mita 1,300. Ni na bar amfani da shi sai in ƙaramin gyara ne.

To wace lamba za ta fito a takarda? Danna layin lebur, ka shiga Edit Type, ka yi Duplicate ka ba sabon suna, sannan ka nemi Elevation Base. Zaɓi biyu ne, turken gini ko turken safiyo. Ka zaɓi na biyu, lebur ɗin zai nuna 652450, na bene ya nuna nasa a kai. Ka sani nau'in lebur yana bin sa duk shafin da ya shiga, ba zai nuna sifili a wannan takarda ya nuna lambar safiyo a waccan ba.

Ra'ayina, kuma na san wasu abokan aikina ba su yarda ba, a bar lebur a sifili. Birkila da kafinta ba su da abin yi da 655750. Abin da suke so su ji shi ne daga daɓe zuwa saman kankaren bene 3300, linta a 2100. In ka cika takarda da lambobi masu tsawo, wani zai tsaya a rana yana ragi a bayan buhun siminti, kuma wata rana zai yi kuskure. Lambar safiyo wurinta filan na fili, da magudanar ruwa, da sekshan ɗaya da ya ratsa daga titi zuwa katangar baya. A waɗannan wurare alamar tsayi nake sawa, wadda EL ke kirawowa. Ita ma ka yi mata nau'i na biyu, a Elevation Origin ka zaɓi turken safiyo, ka sa ta riƙa nuna mita da lamba uku bayan ɗigo. Sai kuma rubutu ɗaya a kowace takarda, babba: sifili daidai yake da 652.450, alamar awo tana kan kwalbati, 651.900.

Duk wannan canjin suna ne. Akwai ranar da daɓen ne da kansa zai hau ko ya sauka a kan ƙasa, kuma wannan wata magana ce. A Hanwa ta same mu. Da aka yi wa Alhaji lissafin tifofin jar ƙasa da za su cike bayan gidan, inda cikon ya haura mita guda, sai ya kira ni da daddare. "Akitek, wannan ai dutsen Kufena za ku gina mini a ƙarƙashin gida." Na ce, "Ranka ya daɗe, ruwa muke gudu." Muka yi ta ja, daga ƙarshe muka rage 150, daɓe ya koma 652.300, ya fi titi da 300. Ƙasa da haka na ce sai dai ya nemi wani ya sa hannu.

A irin wannan ma ban taɓa lebur ba. Na koma Specify Coordinates at Point na rubuta 652300. Amma ƙasar filin a cikin fayil ɗaya take da ginin, don haka ita ma lambobinta duk sun ragu da 150, alhali ƙasar Allah ba ta motsa ba. Sai na zaɓi ƙasar, da titi, da kwalbati, da duk abin da yake na fili ne ba na gini ba, a shafin fuska na ɗaga su 150 daidai. Gwajin ba wuya: ɗora alamar tsayi a kan kwalbati. In ta ce 651.900 ka yi daidai. In ta ce wani abu, tsaya ka nemo inda ka karkace kafin ka ƙara layi ɗaya. Turken safiyo ma ka duba shi, in ya bar kan ƙusar ka cire maƙala ka mayar da shi. Bayan nan akwai abin da manhaja ba za ta tuna maka ba: matakalar shiga ta sake ƙirguwa, gangaren shigar mota ya canja, bututun da ke zuwa sokawe ya rasa wani abu daga gangarensa, tsawon bangon da ke ƙarƙashin jaman fulo ya ragu a lissafin bulo.

A babban aiki, kamar makaranta mai gine-gine biyar a fili ɗaya, ba na haɗa ƙasa da gini a fayil guda. Fili yana da nasa fayil, kowane gini a jawo shi ciki a matsayin haɗi, a ɗaga shi ko a sauke shi a can yadda ake so, sannan a aika masa da matsayinsa ta Publish Coordinates. Wahalar yini ɗaya ce a farko, tun ran gini tun ran zane.

Ƙasar kanta tana da nata tarkon. Zanen AutoCAD da safiyo zai turo yawanci a kan lambobin duniya yake. Zariya tana shiyya ta 32 a tsarin UTM da safiyo ke ba wurare lamba da shi, lambar arewa ta haura miliyan 1.2, wato sama da kilomita 1,200 daga sifili, ga kuma layukan tudu suna shawagi a mita 650. In ka jawo shi cibiya a kan cibiya, ka wuce iyakar kilomita 16 nesa ba kusa ba, ƙasar kuma za ta fito a sararin sama, ginin yana ƙarƙashinta. Jawo shi tsakiya a kan tsakiya, ka matsar da zanen safiyon, ba ginin ba, har iyakokin fuloti su zauna inda ya dace, ka sauke shi a shafin fuska har tsayinsa ya dace da daɓe, sannan ka yi Acquire Coordinates ka danna shi. Revit zai karɓi lissafin safiyon duka, gabas da arewa da tsayi. Ka kuma tambaye shi ko a kan ma'aunin Minna ya yi awon ko na WGS84 da GPS ke amfani da shi, don tsakaninsu akwai tazarar da za ta iya kai katangarka cikin filin maƙwabci. Daga Revit 2024 kayan zana ƙasa ya canja daga Toposurface zuwa Toposolid, mai kauri kamar daɓe kuma mai jingina da lebur, saboda haka in ka ja lebur yanzu har ƙasar za ta iya bin ka.

Injiniyan rodi da mai zanen wuta da ruwa, in sun jawo fayil ɗinka cibiya a kan cibiya, duk abin nan da muka yi bai taɓa su ba, don ginin bai gusa daga cibiyarsa ba. Ka dai aika musu da sabuwar lambar a rubuce. Da yaron nan ya tura musu fayil ɗin da ya ja sama, da ginshiƙansu suna ƙasa bangonmu yana cikin gajimare.

Masu amfani da ArchiCAD, wata manhajar zanen gini, hikimar ɗaya ce. Project Zero ya zauna a daɓen ƙasa, tsayin wurin a saman teku a rubuta shi a saitin wurin aiki, alamar tsayi kuma a gaya mata daga inda za ta ƙirga. Kada a shiga saitin hawa-hawa, wanda Ctrl da 7 ke buɗewa, a rubuta 652 a hawan ƙasa.

Ranar da aka fara fitar da harsashi na tafi da yaron zuwa Hanwa. Maginin dattijo ne, ya fi shekara talatin yana aiki, bai ko buɗe takardar da na miƙa masa ba. Ya ce, "Ɗana, ni dai nuna mini inda ruwa zai tsaya." Na ce wa yaron ya yi lissafi. Ya cire 651.900 daga 652.300 ya ce 400. Muka kafa katako a gefen kwalbati, ya auna 400 daga kan ƙusa ya ja layi da fensir. Baba ya ɗauko tiyonsa mai ruwa a ciki, ya ba yaron baki ɗaya ya riƙe a kan layin, shi ya ja ɗaya bakin zuwa katangar maƙwabci, ya jira ruwan ya daina rawa, ya zana da gawayi. Haka suka zagaye kusurwa huɗu. A kusurwar baya layin gawayin ya kai wa yaron ƙugu, ya tsaya yana kallonsa, sannan ya ce, "Oga, ashe duk nan ciko ne."